Wallahi Zoɓo Ne

Bidigera, ƙasar Fotugal
Daren Lahadi, tsakiyar Nuwamba

Zuwa ga taubashina kuma bawana,

Ina Inna, ina Goggo, ina Kawu da ƙafar tasa? Yaya iyali, yaya kaka? Ina fata dawa ta shiga rumbu lafiya, kuma jakin nan naka da kuka yi kama ya daina cin dangar mutane. Ni dai lafiya lau nake, sai sanyi da ya fara leƙowa, sai kuma zafin abin da ka yi mini.

Da gangan na ƙi yin maganar nan ta waya. Saƙon murya in ya faɗa hannunka, kafin la'asar ka yanka shi gida uku ka raba wa duniya inda ya fi daɗin tsegumi. Takarda kuwa dole a bi ta daga sama har ƙasa. Ka kai ta majalisar bakin masallaci bayan isha'i, ka miƙa wa wanda ya fi ka iya karatu, wato kowa, ya karanta a gaban jama'a.

Maganar hoton nan ce. Da daddare na ɗora shi a WhatsApp na kwanta. Kafin in yi sallar asuba ya zaga Dudunni, ya shiga Kusada, ya hau motar Kankiya, har wani ɗan uwanmu na Kano da rabona da jin muryarsa tun sunan ɗansa na fari ya bugo yana cewa in ji tsoron Allah. An ce Goggo ta ƙi cin tuwo. An kuma tabbatar mini kai ne ka bi gida-gida da wayar nan taka mai fasasshen gilashi, kana buɗe hoton da yatsu biyu, kana nuna wa tsofaffi tambulan mai dogon wuya a hannuna, da jan abin da ke ciki, da tsohon Baturen da ke gefena yana washe baki, kana cewa a zo a ga yadda Turai ta mai da ni.

To ka kasa kunne. Abin da ke cikin tambulan ɗin nan zoɓo ne. Wallahi zoɓo ne. Ni na dafa shi da hannuna, da citta da kanumfari. Kafin ka kai ƙarshen takardar nan za ka ji yadda aka yi ya shiga wannan tambulan, da irin girman da aka ba shi, wanda kai ba ka taɓa ba shi ba duk shekarun da ka yi kana ɗaga ƙwarya kana kwankwaɗa kamar raƙumi ya iso rijiya.

Sai na fara gaya maka inda nake, tunda kai duk saninka da Fotugal bai wuce Ronaldo ba. Ba a Lizbon nake ba. Ina kudu, yankin da suke kira Alanteju, a wani ƙaramin gari mai fararen gidaje kusa da birnin Beja. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai busasshiyar ciyawa, in ka kalle ta a watan Agusta sai ka rantse bayan Kankiya kake da bazara. Lokutansu a juye suke: sa'ad da kuke tsakiyar marka, nan ko ɗigo babu, zafi yana haura 40, sai yanzu da kuke shirin hunturu ruwa ke sauko musu. Garin ƙarami ne amma akwai tinƙaho, domin Basko da Gama, matuƙin jirgin ruwan nan da ya zagaya Afirka ya isa Indiya a 1498, shi sarkin ƙasar ya naɗa wa sarautar garin a 1519. Tsohon hakiminsu ke nan, kuma har gobe ba su bar baƙo ya manta ba.

Aikin da na fara samu shi ne tsinkar inabi. Ni kuwa inabin da na sani shi ne na kan faranti a bakin asibiti a Katsina, wanda ake saya wa majinyaci ɗan kaɗan kowa ya zuba masa ido yana ci, sai labarin da muke ji cewa mutanen Kudan ta wajen Zariya sun kama nomansa. Da na ga gona iya ganinka, layi bayan layi, kowane reshe ya sunkuya da 'ya'ya, sai na ce a raina lallai mutanen nan akwai son kayan marmari. Aka ba ni almakashi da akwati. Saboda zafi tun da duhu ake shiga, wani lokaci da fitila a goshi kamar mafarauta. Inabin ƙanana ne baƙaƙe, sun fi kama da faru, ga zaƙi kamar zuma, ga ƙwallo a ciki. Sai a kwana na uku na tambayi wani ɗan Senegal da muke layi ɗaya, na ce wai wace kasuwa ce za ta cinye wannan uban kaya kafin ya ruɓe? Ya dube ni, ya sake dubana, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa.

Akwai wani iri da suke ji da shi a nan, Alicante Bouschet, wanda wani Bafaranshe ya haɗa aurensa tun ƙarni na 19. Yawancin baƙin inabi in ka ɓare shi cikinsa fari ne, launin a ɓawo yake. Shi wannan har tsokarsa ja ce jawur. Mako ɗaya da fara tsinkarsa hannuwana suka rine kamar na amarya ranar ƙunshi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan, sai dai ni jan hannu ya kawo mini. Allah ya taimake ni ban ɗauki hoton wannan ba, da yanzu ka gama shelar cewa an ɗaura aure a ɓoye kuma ni ne amaryar.

Da kakar ta ƙare na bar aikin na koma gonar zaitun, inda nake har yanzu, ana ba ta ruwa daga wata madatsa, Alkeba, da aka rufe bakinta a 2002, wadda in ka ajiye dam ɗin Zobe kusa da ita sai ya zama kududdufin bayan gari. Amma abin bai bar raina ba. Ka tambayar mini Malam Liman hukuncin mutumin da ya yi mako biyar yana tsinkar inabi, kwana uku bai san inda ake kai shi ba, sauran kwanakin kuma ya sani amma kuɗin haya na jiran sa. Kada ka ce ni ne. Ka ce wani mutumin Kusada ne.

Af, na manta a majalisa za a karanta. To, Allah gafarta Malam, ka dai ji tambayar mutumin Kusada.

Tsohon da ka gani a hoton shi ne mai gidan da muke haya, mu huɗu: ni, da ɗan Senegal ɗin, da 'yan Nepal biyu. Ya haura saba'in, mai ɗakinsa ta rasu, 'ya'yansa suna Faransa da Suwizalan suna irin zaman da nake yi a nan, don su ma mutanen ƙasar nan 'yan ci-rani ne na asali. Mun sa masa suna Mai-Hanci. Hancin nasa da girma kam, amma aikin da yake yi da shi ne ya jawo masa sunan.

In ka shiga babban kanti a nan, irin su Pingo Doce ko Continente, layin jar giya ya fi layin 'yan hatsi na kasuwar Kankiya tsawo. Akwai ta Yuro 2, ta 3, ta 4, har da ta kwali mai lita 5 da famfonta. In ka kai lissafin Wapa za ka ce da tsada, amma a nan abin da lebura ke samu cikin rabin awa ne. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 870 ne a wata, kuma tun kafin ka ɗauko biro ka fara buga shi da Naira ina gaya maka haya da wuta da burodi sun riga ka, babu maganar babur bana. Shi Mai-Hanci da 'yan kuɗin fansho yake rayuwa, kuma aƙidarsa ita ce kowane wawa mai kuɗi zai iya sayen kwalbar Yuro 50 ya dace, gwaninta ita ce ka tsamo ta Yuro 3 da za ta kunyata ta. Ka tuna yadda Kawu ke shiga kara, ya wuce manyan raguna ko kallo babu, ya je can ƙarshe ya buɗe bakin wani ramamme ya duba haƙora, ya taɓa ƙugu, ya saya a wulaƙance, wata huɗu a zo ana tambayar ko na sayarwa ne? To Mai-Hanci Kawu ne, kantin nan ne kararsa.

Duk daren Juma'a abokansa uku suke zuwa, tsofaffi irinsa, kowa da kwalbarsa a cikin safa don kada a ga sunanta. Na san za ka ce me ya kai ni wurin. Tsakar gidan ɗaya ce, ni a bakin ƙofar ɗakinmu nake zama da butar shayina, kallo kuma ba a biyan kuɗinsa.

Ga yadda abin yake. Za a zuba ɗan kaɗan, abin da bai kai cikin ludayi ba, a tambulan mai ƙaton ciki. Mutum ya riƙe shi ta wuya, ya karkata shi a kan farin ƙyalle yana duban launi kamar mai sayen shadda a Kantin Kwari. Sai ya juya shi, ya juya, ruwan yana zagaye. Sai ya cusa hanci ciki gaba ɗaya, ya rufe ido, ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Can sai ya kurɓa, ya ƙi haɗiyewa, ya kama kurkure baki yana zuƙar iska ta haƙora da wani sauti da in yaro ya yi shi a gaban Inna sai ya sha murfin kwano. Wani lokaci, in kwalaben da yawa, sai ya juya ya tofar a bokiti. Ranar da na fara ganin haka na miƙe tsaye, na ɗauka faɗa za a yi. A Dudunni ka kurɓi furar mutum ka tofar a gabansa, ai sai dai Mai Unguwa ya raba.

Daga nan sai magana, kuma a nan ne na fi jin daɗi, don yanzu ina tsintar yarensu. Wai wannan tana da jiki, waccan ramammiya ce. Wai wannan yarinya ce, a bar ta ta girma. Wai a buɗe waccan a ajiye ta ta yi numfashi. Ɗigon da ke gangarowa a jikin tambulan kuwa hawaye ne. Ɗaya zai ce yana jin ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itace, wani abu mai kama da ɗinyarmu, wani ya ce a'a, taba-gari ce da tsohuwar fata, na uku ya ce ƙasa ce bayan ruwan farko. Ni daga inda nake zaune, abin da iska ke kawo mini warin ƙullun da ya kwana biyu ne, amma ban taɓa faɗa ba, haya da araha.

Kalma ɗaya ce ta wahalar da ni, taninu. Kullum sai an yi gardama a kanta: ya yi yawa, ya yi laushi, yana cizo. Na tambayi Mai-Hanci, ya rasa yadda zai yi mini bayani, sai ya tsinko ƙwallon inabi ya ce in tauna. Na tauna, bakina ya ɗaure, harshe ya manne da dasashi. Na ce haba, bauri! Baurin ɗanyar kanya, baurin goro, baurin shayin da mai shayi ya manta a kan wuta. Da na bincika kuma sai na tarar abin nan ɗaya ne da wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Wato dattawan nan huɗu, da hulunansu da tabarau, zama suke duk Juma'a suna jeme harsunansu, suna yaba wanda ya fi jemuwa.

Irin inabinsu na gida ya haura 250, kuma ba su san kunya ba wajen raɗa suna. Akwai masu sunan girma, Touriga Nacional da Trincadeira da Aragonez da Castelão. Akwai kuma wanda in ka fassara sunansa Wutsiyar Tunkiya ne, akwai Shaƙe-Kare saboda tsami, akwai Kashin Ƙuda saboda ɗigo-ɗigon jikinsa. Mu da muke ce wa dawa ƙaura da farfara, wake kanannado, ashe masu ladabi ne. Ga kuma gori tsakanin yankuna, irin na Kano da Katsina da Zazzau. Mutanen kogin Doru a arewa suna taƙama cewa tun 1756 wani waziri mai ƙarfin hali, Pombal, ya sa aka kafa duwatsu aka shata iyakar gonakinsu, har ya sa aka tumɓuke wani itace da 'yan algus ke matse 'ya'yansa don ƙara wa giya duhu. Da na ji wannan sai na tuna masu zuba kala a zoɓon ƙulli a tasha. Mai-Hanci in an ambaci Doru sai ya taɓe baki ya ce ta Ingilishi ce, su suka saba saye. Tasu ta Alanteju kuwa wai rana ce aka zuba a kwalba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsufa. A wurinmu furar jiya sai a yi maka ragi, nonon shekaranjiya sai kare. Nan kuwa shekarar da aka tsinki inabin ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaban kwalba, kuma sau da yawa gwargwadon daɗewa gwargwadon kuɗi. Ko da yake shi Mai-Hanci ya ce masu arahar nan ba a yi su don ajiya ba, shekara biyu ko uku an gama da su, kamar takalmin roba.

Toshin bakin kwalbar ma labari ne. Ɓawon wani itace ne da ya cika dajin yankin nan, kuma kusan rabin na duniya duka daga ƙasar nan yake fita. Da rani ake sassaƙe itacen da gatari, a tuɓe masa riga tun daga ƙasa har kafaɗa, ya tsaya ja kamar ɗan dambe, a rubuta masa lambar shekara da farin fenti, kada a sake taɓa shi sai bayan shekara 9. Sai ya shekara 25 ake yi masa sassaƙen farko, kuma sai a na uku yake ba da ɓawon kirki. Wanda ya shuka ba shi ke ci ba, jikansa ne. Doka ta hana sare shi ba izini. Na tuna yadda muka wayi gari aka mai da gawon gonar Kawu gawayi, na yi shiru.

Yanzu ga inda zoɓo ya shigo. A bayan gidan Mai-Hanci akwai wani ɗaki mai sanyi da duhu. Ranar da ya fara buɗe mini shi na yi salati, don randuna na gani. Randuna sak irin na Inna, na yumɓu, masu ƙaton ciki da tsukakken gindi, sai dai waɗannan sun fi ni tsawo, wata tana cin lita dubu. Talya suke ce musu, kuma tun zamanin Rumawa, shekara wajen dubu biyu, haka ake yi a wannan yanki. Ana shafe cikinsu da ƙaron itace da kakin zuma don kada su yi tsatsafa. A murƙushe inabi a zuba da ɓawo da komai, kullum a hau tsani a tura shi ƙasa da wata doguwar muciya, a yayyafa wa randar ruwa a jiki don ta huce, yadda muke yi wa tulu da bazara. In abin ya gama tafasarsa sai ɓawon ya kwanta a gindi, su suna kiran wannan tukar uwa, ita ce matacin. A tsakiyar ɗakin kuma an binne wata randa a ƙasa, bakinta daidai da daɓe, don in wata ta fashe abin ya gangara ciki. Sunanta ɓarawo. Na ce masa mu ma muna da irinta a gida, taubashina ce, duk abin da ya zube a gidanmu cikinsa yake ƙarewa.

Ranar 11 ga Nuwamba, ranar wani waliyyinsu Martinyu, ita ce ranar buɗe randa. Ana huda toshin da ke gindi a sa ɗan famfo, abin ya riƙa tsiyaya a kasko. Maƙwabta suka cika gidan, ana gasa wasu 'ya'yan itace masu ɓawo, kastanya, ɗanɗanonsu tsakanin gurjiya da dankalin Hausa. Maza suka dafa kafaɗun juna suna wata waƙa a hankali, ba ganga ba kalangu, murya zalla, ɗaya ya ɗauko sauran su amsa, kamar 'yan gayya sun gaji. Tun kafin ranar Mai-Hanci ya ce mini ya san ba na sha, kuma ba zai matsa mini ba. Mutanen nan sun san mu fiye da yadda kake zato. Musulmi sun mulki yankin nan ɗaruruwan shekaru, a Beja aka haifi Mu'utamid, sarkin Ishbiliya mawaƙi, a 1040, kuma a wani gari, Martula, na shiga cocin da asalinsa masallaci ne na ga mihirabi da idona. Har yau in suna fatan abu sai su ce oshala. Amma ya ce a al'adarsu ba a barin baƙo da hannu wofi ranar buɗe randa, in zo da abin da mutanenmu ke sha.

Shi ne na hau mota takanas har Lizbon, unguwar Martim Moniz inda 'yan Bangaladash ke da shaguna, na samo zoɓo. Ɗan ƙulli, abin da Inna za ta ba almajiri kyauta, ya fi kwalbar Mai-Hanci tsada. Ka ji ƙasar da zoɓo ya fi giya kuɗi. Ɗan Senegal ya ce bisab ne kuma su suka fi iya shi, muka yi gardama a kan na'ana'a, na kore shi daga kicin. Na dafa, na tace, na zuba sukari, na kawo a jug ɗin roba da kofina na silba.

Mai-Hanci ya ce ina, ba a gidansa ba. Ya ɗauko tambulan biyu masu dogon wuya, ya goge su da ƙyalle, ya zuba mini ya zuba wa kansa. Tsakar gida ta yi tsit. Ya karkata shi a kan farin ƙyalle ya ce launi ya yi, ko Alicante sai haka. Ya juya. Ya cusa hancin nan, ya rufe ido. Taubashi, tun jarrabawar fita firamare gabana bai faɗi irin na ranar ba. Ya kurɓa, ya kurkure, ya zuƙi iska. Bai tofar ba, ya haɗiye. A daidai nan ɗaya daga cikin 'yan Nepal ya ɗauki hoton da ka yi talla da shi.

Sai ya fara karanto shi. Ya ce akwai kanumfari, akwai citta, akwai tsami mai rai da ke sa yawu ya tsinke, har da ɗan bauri a ƙarshe. Na fara hura hanci. Sai ya ce amma furen ya tsufa, ya sha ƙurar kanti, kuma na cika sukari don in rufe masa asiri. Ya tambaye ni na wace shekara ne. Na ce ban sani ba. Wace gona? Ƙasar yashi ce ko laka? Wa ya tsinka, a ina aka shanya? Na duba ledar, abin da ta ce kawai daga Masar yake. Ya girgiza kai irin na malamin da ɗalibi ya kawo masa allo ba wanki, ya ce to na garinku fa, yaya yake?

Na buɗe baki in ce zoɓo ai zoɓo ne, sai na ji ƙarya zan yi. Na tuna na Inna, wanda take sa a zagaye mata gonar jigawa da shi a kan iyaka, baƙin nan mai kauri da in ya taɓa farar riga sai dai a haƙura. Na tuna ba ta yarda da na bakin fadama, ta ce ruwa ne a cikinsa. Ba ta shanya shi a ƙasa, sai a kan tabarma a inuwar zaure. Ba ta tafasa shi ya mutu, jiƙa shi take yi a ruwan zafi ya kwana, da safe ta tace da farin ƙyalle ta juye a ƙaramar randar nan ta bayan ƙofa, ya ɗauko sanyi da ƙamshin yumɓu. Ta kurɓi na gidan biki sau ɗaya ta ajiye, ta ce na bara ne kuma an sa kanwa. Matar da in an kawo nono za ta ɗanɗana a bakin ludayi ta faɗi rugar da ya fito, ta kuma faɗi ko an yi masa haɗi da ruwan kuka. Duk wannan na zuba wa Mai-Hanci da guntun yarena da hannu da ƙafa. Da na zo kan randa sai ya dafe ƙirji. Ya ce tsohuwar nan tasu ce, a gaishe ta, kuma shi ba zai yanke wa zoɓo hukunci ba sai ya ɗanɗani nata.

Saboda haka ga aikinka, bawa. Yanzu ake tsinkar na bana. Ka je wurin Inna ka karɓo tiya ɗaya na gonar jigawa. Ka nemo rabin tiya na bakin fadama, a ƙulla daban, don tsofaffin nan so suke a sa musu biyun a safa su gwada ko za su rabe. A kowane ƙulli ka rubuta shekara da sunan gona, da rubutu mai kyau, ko ka ba yaro ya rubuta. Akwai wani ɗan Funtuwa da zai dawo Lizbon bayan sabuwar shekara, zan turo maka lambarsa. Kada ka kuskura ka cinye kuɗin motar ka sayo na tasha ka ce na Inna ne. Ni za ka iya cuta ta, amma hancin nan ba a yi masa algus, zai kuma kira sunanka a gaban dattawan Bidigera.

Ka ce wa Goggo ta ci tuwonta. Ka nuna mata hoton kuma, wannan karon ka buɗe shi ta gefen hagu, za ta ga jug ɗin roba da butar shayina a kan tebur, waɗanda ka san da su ka rufe da babban yatsa. Kuɗin sharar da kake ta aiko mini da saƙo a kansu kuwa, ka sani ni ke bin ka, na shekara uku, kuma na yafe ɗaya ladan dakon zoɓo.

Sannan ina nan da hotonka na ranar da ragon layya ya bi ka har cikin kwata. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Zoɓo ya iso kafin azumi.

Naka,
Ubangidanka na Alanteju